Tambaya da Amsa: Na samu bizar aiki, dole ne sai na yanki tikitin dawowa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar tikitin dawowa ga wanda zai tafi aiki ƙasar waje na shekara biyu ko uku, toh sai na ga gara in tattara su wuri guda tunda amsar wannan tana shiga cikin ta wancan. Kamar kullum ba ma sa sunan kowa, gari kawai muke faɗa. Na daɗe ina yankar wa mutane tikiti a Kano kafin in koma gefe, don haka abin da zan faɗa wani da idona na gani, wani kuma abin da dokokin ƙasashen suka tanada ne.

Tambaya daga Zariya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ni nas ce, wani asibiti a Ingila ya ɗauke ni aiki na shekara 3 kuma biza ta fito alhamdulillah, toh naje wajen mai yankan tikiti yace wai dole sai na sayi na zuwa da dawowa in ba haka ba baza a barni na hau jirgi ba, kuma wlh kuɗin da ya faɗa min yafi ƙarfina don bashi na ciwo na haɗa kuɗin jarabawa da na gwajin tarin fuka. Yayana da yaje Manchester rubuta jarabawar likitoci shima yace da na dawowa ya tafi kuma an tambaye shi. Wanne zan kama?

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya sa a fara a sa'a. Ba dole ba ne, ki yanki na zuwa kawai ki tafi abinki. Bizar da ke hannunki ta ma'aikatan lafiya ce, zama aka ba ki izinin yi ki yi aiki, babu inda dokar shige da fice ta Ingila ta ce mai irin wannan biza sai ya nuna tikitin komawa gida.

Ki koma wajen mai tikitin ki yi masa tambaya ɗaya cikin ladabi, ki ce to Alhaji wace rana za ka sa min ta dawowar? Ai kwantiraginki shekara uku ne, su kuma kamfanonin jirage ba sa buɗe sayar da kujera sai ta wata goma sha ɗaya zuwa shekara a gaba, kuma tikitin kansa yawanci shekara ɗaya yake yi ya mutu. Kin ga kenan duk ranar da zai sa miki kina tsakiyar aiki za ta zo ta wuce, kuɗinki sun tafi a banza. Sai dai in kin san tabbas za ki zo hutu cikin shekarar farko, misali babbar sallah, to a nan kam ki sa a lissafa miki duka biyun ki gwada, don wani lokacin na zuwa kaɗai yakan yi tsada har ya kusa kamo na zuwa da dawowa, wannan lissafin kasuwa ne ba doka ba.

Shi yayanki gaskiya ya faɗa miki, amma tafiyarsa daban taki daban. Masu zuwa Manchester rubuta kashi na biyu na jarabawar likitoci da bizar ziyara suke shiga, wadda zamanta ba ya wuce wata shida, shi kuma baƙo mai ziyara abin da jami'i yake son ya gamsu da shi shi ne mutumin nan zai koma, shi ya sa ake tambayarsa. Daga nan ne yawancin ruɗanin yake fitowa, mutum ya ji labarin mai ziyara sai ya ɗora wa mai aiki.

Amma fa kar in rufe ki, zai iya yiwuwa a kanta wajen auna kaya a tambaye ki, kuma gara ki san dalili don kar gabanki ya faɗi. Kamfanin jirgi in ya ɗauki fasinjan da takardunsa ba su cika ba, shi zai dawo da shi da kuɗinsa, ga kuma tara, a Ingila fam 2,000 ce kan kowane mutum ɗaya. Saboda haka ma'aikatan kanta a tsorace suke, kuma suna da wani kundi a kwamfuta da ake kira Timatic na ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya IATA, ana sa ƙasar fasfonki da inda za ki da inda za ki yada zango, sai ya fito da sharuɗɗan. Abin da ya fito a nan shi ne hukunci, ba ra'ayin wanda yake zaune a kujerar ba.

Ba zan manta da wani dare ba a filin jirgin Malam Aminu Kano, lokacin muna da izinin raka fasinjojinmu har bakin kanta. Wata baiwar Allah ce za ta tafi aiki, ga akwatinta ɗaya ga jakar Ghana-mas-go an cika ta da kuka da daddawa da yaji an naɗe da salatif, mahaifiyarta na waje tana jira ta ji an ce an gama. Yaron da ke kanta sabo ne, ya juya fasfo ya sake juyawa ya ce ina tikitin dawowa, ta ce babu, ya ture fasfon gefe ya ce ta matsa mai bi mata ya zo. Na ga hannunta na rawa har ta fara lalubar waya za ta kira gida a nemo kuɗi a daren nan. Na ce mata tsaya hajiya, na ce wa yaron don Allah duba irin bizar tukuna, ta aiki ce, in kuma akwai shakka a kira supabaiza. Supabaizan ya zo ya karanta takardar ɗaukar aikin, ya danna kwamfuta, ko minti biyar ba a yi ba aka liƙa wa kayanta lamba. Babu faɗa babu ɗaga murya, kuma ko sisi ba ta ƙara ba.

Don haka ki je da wuri, awa uku zuwa huɗu kafin tashi, ki riƙe takardunki a hannu a buge a takarda ba a waya kaɗai ba don caji yana ƙarewa kuma intanet na filin jirgi ba abin dogaro ba ne. Takardar ɗaukar aiki, lambar shaidar ɗaukar nauyi da asibitin ya ba ki wadda suke kira CoS, saƙon da aka turo miki cewa an ba ki biza, takardar gwajin tarin fuka, adireshin inda za ki sauka da lambar wanda zai tare ki. Tun 15 ga Yulin 2025 yawancin masu bizar aiki da karatu daga Najeriya ba a manna musu sitika a fasfo, bizar tana intanet ne, to ki shiga asusunki na UKVI, wato hukumar biza ta Ingila, tun kina gida ki tabbatar lambar fasfon da ke ciki ita ce ta wanda za ki riƙe, ki ciro lambar da ake duba matsayin bizarki da ita, wadda take aiki na kwana 90, ki rubuta ta a takarda. Kuma ki duba ranar da bizar ta fara aiki, kar ki sauka kafin ranar.

Abin da ya fi tikitin dawowa hana 'yan Najeriya hawa jirgi shi ne yada zango. Mai fasfon Najeriya ko Ghana in zai canza jirgi a Faransa ko Jamus ko Holan, ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, sai da bizar yada zango, in ba yana da irin bizar Amurka ko Kanada ko Japan ba, ita kuma Ingila tun da ta fita daga Tarayyar Turai bizarta ba ta cikin waɗanda dokar ta ɗauke wa. In an kawo miki mai araha ta Paris ko Frankfurt ki yi hattara, ki nemi wanda zai tafi kai tsaye daga Abuja ko Legas, ko ta Doha, Alƙahira, Adis Ababa, kuma ya zama tikiti ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe ba guntu-guntu ba.

Tambaya daga Kano: Baba ina wuni. Wani ejan ne ya samo min aiki a wani gidan abinci a Jidda na shekara biyu, har na sayar da adaidaita ta na bashi rabin kuɗi, yace sauran in biza ta fito. Yanzu ta fito ya turo min a waya, amma yace dole in yanki tikiti na zuwa da dawowa na sati biyu, kuma in an tambaye ni a iyafot ince Umara zanje, in na isa mai gidan zai mayar min da ita igama, wato takardar izinin zama. Abokina yace haka kowa yake yi. Ni dai tambayata tikitin dawowar nan in ban yi amfani dashi ba za a dawo min da kuɗina?

Lafiya lau ɗana. Wallahi da na karanta saƙonka sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don tambayar da ka yi ƙarama ce a kan abin da ke gabanka. Kar ka ba shi sauran kuɗin nan. Abin da ke wayarka ba bizar aiki ba ce.

Ka buɗe ta yanzu ka duba wajen da aka rubuta nau'in biza. Bizar aiki ta Saudiyya tana ɗauke da sunan kamfani ko mutumin da ya ɗauke ka da kuma sana'ar da za ka yi, kuma ba ta fitowa sai an yi kwantiragi an yi gwajin lafiya. Mai ita da tikitin zuwa kaɗai yake tafiya, yawanci ma kafilin, wato wanda ya ɗauke shi aikin, shi ne yake turo tikitin, in ya isa a yi masa igama cikin kwana 90. Ita kuwa ta Umara ko ta ziyara zamanta bai wuce wata uku ba, shi ya sa ake neman tikitin dawowa, kuma hukumar shige da fice ta Saudiyya, Jawazat, ta sha nanatawa cewa ba a mayar da bizar ziyara igama. Duk wanda ya ce maka aiki za ka tafi na shekara biyu sannan ya ce ka yanki na dawowa bayan sati biyu kuma ka ɓoye abin da ya kai ka, to ruwa ba ya tsami banza.

Na taɓa zama da wani yaro sa'anka a ofis, ya zo da mahaifinsa dattijo mai sayar da hatsi a Dawanau, sun zo yankar tikiti irin naka. Na ce ya miƙo wayar in ga bizar, na ja hoton ya yi girma, can ƙasa ga rubutu da Larabci da Turanci cewa ba a yarda mai wannan biza ya yi aiki ba. Na juya wayar na nuna wa dattijon, shi ya yi karatun allo yana karanta Larabci, ya sa tabarau ya bi layin da yatsa a hankali har sau biyu, sai ya cire hular kansa ya ɗora a gwiwa ya ce Malam gonar gado na jinginar. Ranar ban yanki tikitin ba. Sun koma wajen ejan ɗin da 'yan'uwa, ba su samu duka ba amma sun ƙwato wani abu, kuma yaron bai je ya faɗa rami ba.

Abokinka da ya ce kowa haka yake yi, ka tambaye shi labarin waɗanda suka yi ɗin. Ranar da biza ta ƙare ka zama marar takarda, ba asibiti, ba banki, ba ka isa ka kai ƙarar mai gidan da ya hana ka albashi ba don kai ma ɓuya kake, kullum kana kallon bayanka. Hukuncin wanda ya wuce wa'adin bizarsa zai iya kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida sannan a koro shi, kuma kafin a koro shin sai ya yi zaman tarhil, wato wajen tsare waɗanda za a kora gida, mutanenmu da yawa sun san Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, ka nemi wanda ya kwana a can ya ba ka labari. Kuma kar ka ɗauka tikitin dawowa shi zai buɗe maka ƙofa. A watan Nuwamban 2023 jirgi ya tashi daga Legas ya biyo ta Kano ya sauka Jidda da fasinja 264, aka soke bizar 177 a nan take aka dawo da su, ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an bayar da bayanan da ba daidai ba ne aka karɓi nau'in bizar da ba ta dace da su ba. Biza suke dubawa da abin da ya kawo ka.

Ga kuma abin da 'yan ejan ba sa faɗa muku. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin kawo ma'aikaci, da kuɗin igama da sabunta ta, da tikitin komawarsa gida in aiki ya ƙare. Sai dai in ma'aikacin ne ya ce zai tafi ba tare da wani dalili na shari'a ba, ko aka ga bai dace da aikin ba, to shi zai biya wa kansa. Ka ga kenan a aikin gaskiya dawowarka nauyin kafili ne, ba kai za ka sayar da abin sana'arka ka saya tun kafin ka tafi ba. Kuma kwantiragin ma'aikatan kamfani ana shigar da shi a manhajar Qiwa, ka ce wa ejan ɗin ya nuna maka kwantiragi mai sunanka da sunan gidan abincin da albashi a rubuce, za ka ga yadda zai fara kame-kame.

Maganar kuɗin tikiti da ka tambaya, mai araha yawanci ba a mayarwa, sai ɗan abin da ya shafi haraji in an nema. Amma ni abin da nake so ka yi, ka tafi da babban yayanka ko kawunka wajen mutumin nan, ku tafi da rasit ko shaidar tura kuɗin, ku nemi a dawo da su. In ya ƙi, akwai hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP kuma suna da ofis a Kano, akwai 'yan sanda. In kuma ka ga tunda biza ta riga ta fito gara ka je ka yi Umararka ka dawo a ranar da aka rubuta, wannan ibada ce Allah ya karɓa, amma da niyyar dawowa za ka tafi. Allah ya mayar maka da abin da ya fi adaidaitar nan alheri.

Tambaya daga Kumasi: Malam barka da aiki, na samu aikin gadi a Doha, kamfanin ya turo biza da tikitin zuwa kaɗai. Wani yace in biya a yi min tikitin dawowa na bogi a intanet in riƙe ko za a tambaya, kuɗin ba yawa. Ya kake gani?

Ɗan'uwa kar ka yi. Takardunka masu kyau ne, kamfani ya turo biza ya turo tikiti, haka ake yi, me zai sa ka cusa ƙarya cikin gaskiya? Waɗannan na bogin iri biyu ne, wani bukin ne da ba a biya ba wanda yake mutuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, wani kuma zane ne kawai aka yi a kwamfuta, kuma ma'aikacin kanta in ya sa lambar bukin ɗin nan take zai ga babu komai, daga nan sai ya fara shakkar sauran takardunka ma, har bizar da ba ta da laifi. In ranka bai kwanta ba ka roƙi kamfanin su turo maka wasiƙa mai hatimi cewa ma'aikacinsu ne kai, ka buga ta ka riƙe tare da kwantiragi da katin allurar shawara. A dokar ƙwadago ta Katar ta 2004, sashe na 57, mai ɗaukar aiki ne zai mayar da kai inda ya ɗauko ka da kuɗinsa in aiki ya ƙare, cikin sati biyu. Tunda muna maganar Doha, ka duba albashin da aka rubuta maka, tun Maris 2021 mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci in ba kamfanin ne yake ba ka su ba.

Tambaya daga Riyad: Salam Malam, shekarata biyu ina aikin gyaran AC a wani kamfani, inaso inzo hutu gida Katsina, zan iya yankar na zuwa kawai in na tashi komawa sai in yanki wani daga Kano? Sannan inaso in na tashi komawa in tafi da Hajiyarmu ta ɗan huta tayi Umara, ita ma na zuwa kawai zan yankar mata tunda tare muke?

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya kawo ka lafiya. Kai kam za ka iya, mai igama in zai koma bakin aikinsa a idon kamfanin jirgi gida yake komawa, ba mai tambayarsa tikitin dawowa Najeriya. Abin da zai hana ka shiga jirgi ba tikiti ba ne, huruj wa auda ce, wato bizar fita da dawowa. Ka shiga manhajar gwamnatin Saudiyya ta Absher ka ga ranar da aka ce ka dawo kafinta, ka ga kuma igamarka ba za ta mutu kana gida ba, ka buga takardar ka riƙe don a Kano za su nema. Kuɗinta riyal 200 ne na wata biyu, kowane ƙarin wata 100, kuma a doka kamfani ne yake biya. Shawarata dai ka yanki na komawar tun yanzu ka bar tazarar kwana huɗu ko biyar kafin ranar ƙarshe, don na ga mutane da yawa da suka ce sai sun zo gida za su yanka, biki ya ci kuɗin, ko lokacin ya faɗo daidai cunkoson Umarar azumi kujera ta yi wuya farashi ya tashi, ranar ta wuce suna Kano suna roƙon kafili ya ƙara musu kwana. Dokar ta ba ka hutun kwana 21 a shekara, ya koma 30 in ka cika shekara biyar a wuri ɗaya, amma tikitin hutu ya danganta da abin da kuka rubuta a kwantiragi, ka duba naka kafin ka zaro kuɗi daga aljihunka.

Hajiya kuwa dole a yankar mata na zuwa da dawowa, ko da Umara za ta shiga ko da ziyarar iyali, don ita baƙuwa ce ko da kujerarku ɗaya a jirgi. Ka zaɓi wanda ake iya canza masa rana ko da ya ɗan fi tsada, tsofaffi wani lokacin sati biyu suke yi su ce gida suke so, wani lokacin kuma su ce a ƙara musu. Kuma ka yi muku bukin daban-daban, kar a haɗa ku a lamba ɗaya tunda dawowarku ba ɗaya ba ce. A gaida Hajiya.

Tambaya daga Kaduna: Malam ina yini. Maigidana ne zai tafi Ingila aikin kwamfuta, mu zamu biyo baya daga baya. Ni abinda yake hana ni barci shine in aikin ya lalace yana can ba tikitin dawowa wa zai dawo dashi? Shi yasa nake ta matsa masa ya sayi na dawowa ya ajiye, shi kuma yace asarar kuɗi ne, har mun ɗan samu saɓani.

Lafiya lau 'yar'uwa, kuma Allah ya daidaita tsakaninku. Maigidanki ya yi gaskiya a kan tikitin, ke kuma kin yi gaskiya a kan tsoron, don tambayarki ita ce wadda ya kamata kowa ya yi kafin ya tafi amma ba a cika yi ba.

Tikitin da aka saya aka ajiye ba zai yi maganin abin da kike tsoro ba, shekara yake yi ya mutu, kuma ba wanda ya san ranar da matsala za ta zo, canza rana ma kuɗi ne. A ƙasashen Larabawa kamar yadda na faɗa wa 'yan'uwa a sama doka ta ɗora wa kafili, haka ma a Dubai dokar ƙwadagonsu da ta fara aiki a Fabrairun 2022 ta ce mai ɗaukar aiki ne zai mayar da ma'aikaci sai in ya koma wani kamfanin ko laifin rabuwar nasa ne. A Amurka mai bizar aiki ta H-1B in kamfani ya sallame shi kafin wa'adi, kamfanin ne zai biya kuɗin jirginsa na komawa. A Kanada ma waɗanda aka ɗauka a rukunin ƙaramin albashi mai aikin ne yake biyan zuwa da dawowa. Amma Ingila ba haka ba ne, dokar biza ba ta tilasta wa kamfani ya dawo da kowa ba, in aiki ya ƙare ko aka ƙwace lasisin kamfanin, hukuma takan rage bizar zuwa kwana 60, a cikinsu ko ya samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa ko ya tattara ya fito da kuɗin aljihunsa.

Kuma wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne, ya faru da mutanenmu da suka tafi aikin kula da tsofaffi, tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 an soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fannin, mutane suka wayi gari ba aiki ga haya ga yara, wasu gida suka sayar kafin su tafi. Tun 22 ga Yulin 2025 ma an rufe ɗauko sababbin masu wannan aikin daga waje gaba ɗaya, na faɗi wannan ne saboda har yanzu ina jin ana tallata wa mutane shi a Kaduna da Abuja ana karɓar miliyoyi, duk wanda aka kawo wa ya san an riga an rufe ƙofar.

Abin da zan ce ku yi, kuɗin da kike so a sa a tikitin a ware su a ajiye, ba a hannun ɗan'uwa ba ba a jari ba, a asusun da shi kaɗai ko ku biyu kuke iya taɓawa, in ya fara karɓar albashi ya mayar da su fam ya riƙa ƙarawa har su kai kuɗin jirgi da hayar wata biyu, kuma in kun biyo baya a ƙara da naku ke da yara don bizarku a jikin tasa take rataye, in tasa ta faɗi taku ma ta faɗi. Kafin a kai ga nan ma gara ku ɗan jinkirta tafiyarku har ya wuce watannin gwaji na farko a wajen aikin. Fasfonsa ya zauna a hannunsa, ke kuma ki riƙe hoton fasfon da na kwantiragin a wayarki da kuma a takarda a gida.

Sannan ku zauna ku karanta kwantiragin tare, musamman wajen da aka yi maganar barin aiki, don wasu kamfanonin suna sa sharaɗin cewa in ka tafi kafin shekara kaza sai ka biya su abin da suka kashe wajen kawo ka, har da kuɗin jirgin zuwan, wannan shi yake ɗaure mutum ya kasa motsi ko da ana cutarsa. In Turancin lauyoyin ya yi muku nauyi, ki ce ya ɗauki hoton shafin ya rufe sunansa da na kamfanin ya turo ta inda kika turo wannan saƙon, in Allah ya kai mu fitowa ta gaba sai mu bi shi layi-layi.